Farar Jaririyar Gagarawa

Gagarawa, Rajab 1345

Daga Gudaji zuwa ga yayana Abdulƙadir, ma'aikacin likita a Kano. Gaisuwa mai yawa da ban girma.

Bayan haka, Zuliha ta sauka lafiya, mace, an sa mata Rahamatu. Amma Yaya, yarinyar zabiya ce, fara fat har gashin ido. Ni baƙi, uwarta baƙa. Gari ya ɗauki magana: wasu na cewa aljani ya shafe ta, wasu na faɗin abin da ba zan iya rubutawa ba. Kawu Barau ya ce in sallami Zuliha. Ita ko sai kuka. Har yau ban ɗauki yarinyar ba. Ka ba ni shawara. Haza wasalam.

Kano, Sha'aban

Zuwa ga ƙanena Gudaji. Gaisuwa da barka.

Kada ka saki matarka. Na kai wa likita maganarka, sai ya ɗiga ruwan kududdufi a ƙarƙashin madubinsa mai ƙara girma, ya ce in leƙa. Gudaji, na ga wata halitta da ido ba ya gani, tana iyo. Ina kallo tsakiyarta ta tsuke, ta tsuke, ta rabu biyu, kowacce ta kama gabanta da ranta! Na yi ta tasbihi.

Ya ce kowane ɗan Adam daga ƙwaya ɗaya irin wannan yake farawa, rabi daga uba, rabi daga uwa. Ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har a sami ido da ƙashi da farce. Kamannin kakanni kuma suna tafe a ciki. Wani yakan kwanta shiru a jikin mutum, sai ya gamu da irinsa daga ɗaya gefen sannan ya fito. Ya tambaye ni ko ku dangi ne. Na ce Zuliha 'yar goggonmu ce, kakarku ɗaya. Ya ce to, a tambayi tsofaffi.

Kakarmu Iya tana nan da ranta a Sule Tankarkar. Ka kai mata yarinyar. Ka gaishe da mai jego. Wasalam.

Gagarawa, Ramadan

Zuwa ga Yaya. Gaisuwa, da fatan ana shan ruwa lafiya.

Mun je, Zuliha bisa jaki, Kawu Barau na biye yana gunaguni. Iya ta buɗe zanen goyo, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Fadimatu! Ashe za ki sake zuwa?"

Kawu ya ce, "Iya, wace Fadimatu?"

Ta ce, "Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya. Haka take, har wannan lumshe ido in ta ga haske. Ta rasu a Maigatari tun ban yi aure ba. Duk wanda ya san ta ya mutu, sai ni."

Yaya, ka duba: yarinyar da ba a ko ambatonta, kamanninta sun ratsa Baba da Goggo, sun ratsa ni da Zuliha, ba wanda ya sani! Kawu ya cire hula ya share zufa. A nan na karɓi 'yata, na roƙi Zuliha gafara a gaban kowa. Ta ce sai ta yi tunani, amma da muka taso ta bar mini goyon har gida. Haza wasalam.

Kano, Shawwal

Gudaji, barka da Salla. Ga malafa da farin yadi. Likita ya ce a kiyaye ta daga rana.

Matata Rabi tana da ciki. Ni ma jikan Iya ne, ban san wanda zai zo mana daga cikin magabata ba. Kowa ya zo, tabarmarsa na shimfiɗe. Wasalam.