Ba A Ɗaukar "An" Aiki

Birnin Kebbi,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga mahaifina, Malam Riskuwa,

Assalamu alaikum. Baba, ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da ƙanwarka Inna Hauwa'u. Yaya ƙafarta? Yaya ruwan fadama? Tunda kunnenka ya ƙi waya, ga takarda ta hannun direban motar Argungu. Ka samu inuwa ka karanta a tsanake.

Na sauka lafiya gidan su Yejide, ƙawata ta makaranta. Ranar Laraba ne intabiyun. Kamfanin casar shinkafa ke neman macen da za ta yi aiki da mata masu turara shinkafa a Argungu. In na samu, gida zan dawo. In ban samu ba, sai in bi Yaya Kalilu Kaduna, ga aikin da ya samo mini, in bar ku ku biyu, ita ba ƙafa, kai ba kunne. Ka ce in tafi, ba komai. Wallahi Baba, ni da komai a wurina.

Ina ta shiri. Na haɗa takarduna, na goge atamfa da mayafi, na bincika abin da kamfanin ke saye da inda yake kaiwa. Har ofishin na je a keke-napep don kada in yi ta neman hanya ranar.

Amma akwai inda na makale. Jiya mahaifin Yejide, Baba Babatunde mai shagon atamfa, ya ce a gwada ni. Ya ɗora tabarau, ya murtuke fuska, wai shi ne shugaba. Ya tambaye ni aikin da na taɓa yi da mata. Na ce an tara matan unguwa, an daina shanya shinkafa a ƙasa, an koma tamfol, tsakuwa ta ragu. Yejide ta fashe da dariya, ta ce ita tun ɗazu "an yi" da "anka yi" take ji, ko aljanu ne suka yi aikin? Shi kuwa ya cire tabarau ya ce, "Nazifa, ba a ɗaukar 'an' aiki. Mutum ake ɗauka."

Suka ce in maimaita da "ni". Baba, bakina ya ƙi. Kai ka koya mini cewa mutum ba ya yabon kansa, kuma ba ya zuba wa babba ido. Yanzu ana so in yi duka biyun a zama ɗaya. Na ji kamar an ce in shiga kasuwa ba ɗankwali. Idon dai mun shirya, Yejide ta ce in riƙa kallon goshi. "Ni" ɗin ne ban san yadda zan yi da shi ba, kuma tsoro nake ji.

Ka sa ni a addu'a. A gaida Inna da maƙwabta.

Ɗiyarka,
Nazifa.

Birnin Kebbi,
Ranar Laraba.

Baba,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, jikin Inna kuma da sauƙi. An yi intabiyu. Ka ga? Na sake cewa "an". Na yi intabiyu.

Na isa da wuri. Muna da yawa a bencin jira, kowa na bitar takardunsa. Da aka kira ni na yi bisimilla na shiga, na gaishe su, ban zauna ba sai da aka nuna mini kujera. Su uku ne: wata Hajiya a tsakiya, saurayi da kwamfuta, sai wani dattijo mai furfura, sa'anka. Shi ne na kasa kallo, har goshin nasa.

Tambayoyin farko ba wuya. Jiƙo, turare, shanya, abin da ke sa shinkafa ta kakkarye a inji, duk na amsa, wasu da Turanci wasu da Hausa. Sai Hajiya ta zo kan matan unguwarmu. Ina buɗe baki "an" ya riga ni fitowa. Dattijon bai yi dariya ba, ya dai ce, "Ɗiyata, wa ya tara su?"

Nan take wani abu ya faɗo mini da ban taɓa tunani ba. Ka san Abu matar Labbo, wadda ta ƙirƙiro sa faranti mai huji a gindin tukunya don tururi kaɗai ya taɓa shinkafar? Duk sanda na ce "an gyara tukunya", sunanta nake binnewa tare da nawa. Ni ina ganin kunya nake yi, ashe har da haƙƙin mutane nake rufewa.

Sai na ce ni na tara su, gida-gida na bi, har da inda aka kore ni. Tukunya kuwa dabarar Abu ce, ni na kai ta sauran gidaje. Tamfol ni na kawo shawara, matan suka haɗa hannu suka saya. Ina ba kowa nasa, nawa ya daina yi mini nauyi. Ban ma san sanda na ɗaga kai na kalli dattijon ba.

Suka tambaya ko ina da tambaya. Na ce ina so in san ko kamfanin zai riƙa zuwa ɗaukar kaya da damina, in ruwa ya yanke hanya. Hajiya ta rubuta wani abu. Sun ce za su kira.

Baba, ban sani ba ko na saɓa wa tarbiyyarka. Ni dai ban ji na yi alfahari ba, ji na yi na faɗi gaskiya. In ka ga akasin haka ka faɗa mini, zan saurara.

Su Baba Babatunde na gaisuwa.

Ɗiyarka,
Nazifa.

Birnin Kebbi,
Ranar Alhamis.

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Saƙon da na aiko ta wayar Inna gaskiya ne: sun ɗauke ni, farkon wata zan fara. Na kira Yaya Kalilu na ba shi haƙuri, ya yi ɗan gunaguni sannan ya sa albarka.

Amsarka ta iso yau, layi ɗaya tak: "An ji, an ji daɗi, an gode Allah." Yejide ta karanta ta ce to, yanzu ta ga inda na gado.

Wa ya ji daɗin, Baba? Inna ta tona maka asiri. Ta ce tunda na taho ba ka cin abincin kirki, kullum kana tasha kana duba motocin Birni. Ta ce da ta nuna maka da hannu cewa na samu, ɗaki ka shige ka daɗe, ka fito ido ja, wai hayaƙin murhu ne.

Ba zan matsa maka ka ce "ni" ba, na san ba za ka iya ba. Amma ni na koyi ba kowa nasa. Shekarar da ambaliya ta ci hanya, sauran iyaye sun ajiye 'ya'yansu mata a gida, ni kuwa kullum cikin jirgi nake zuwa makaranta. In an yaba, sai ka ce an dai kai ta. Ba "an" ba ne ya riƙe sandar tuƙi. Kai ne, Baba.

Asabar ina tafe, in Allah ya so. Kada ka zo tasha. Ka jira ni a zaure, inda akwai haske, don ina so ka ga bakina lokacin da zan sake faɗa maka.

Ina gaida Inna da kyau.

Ɗiyarka mai dawowa,
Nazifa.