Agogo na Shida

Totonicapán, 3 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Eluvia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Audelio.

Buhun da kika zana wa hoton dardumar da za mu saƙa da ƙyallen tsofaffin tufafi ya iso, amma kaina ya ɗaure. Kakanninmu tsuntsaye da masara suka saƙa, ke kin aiko mini agogon hannu har shida. Mace mai hankali ba ta raina gadonta. Kuma me ya sa duk suka tsaya a ƙarfe goma da minti goma? Abokiyar saƙata Doña Chabela ta ajiye ƙugiyar saƙarta, ta ce, "Petrona, ba a tsayar da agogo sai an yi rasuwa. Ni ba zan saƙa makoki ban san na wa ba ne!" Wa ya mutu?

Mahaifiyarki,
Petrona

Antigua, 11 ga Mayu

Mama,

Ina gaishe ki da ladabi. Ba wanda ya mutu! Haka masu shago ke jera agogo don ya yi kyau. Gidan baje kolin da nake wa aiki ne ke son tarihinsa: na farko awarwaron mata ne, na biyu na sojoji mai ragar ƙarfe, haka har zuwa yau. Ki ce wa Doña Chabela ta saƙa kafin ta binne mu duka.

'Yarki,
Eluvia

20 ga Mayu

Eluvia,

Bayan gaisuwa, ba a yi wa babba ba'a. Mun gama biyar. Na shida ne ya tsayar da ni. Gilashinsa a tsage, maɗaurinsa shuɗi. Ni na saya wa Audelio shi ranar aurenku. Sauran duk a wuyan hannu kika zana su, wannan a kan tebur. Tarihin wa nake saƙawa? Ban gane ba.

Petrona

29 ga Mayu

Mama,

Audelio ya tafi tun Fabrairu, da wata mace. Agogon da rigunansa kawai ya bari. Kin sha cewa matar da aurenta ya mutu ita ta sake shi ya faɗi, shi ya sa na kasa rubutawa, na zana. Ko zan iya dawowa gida?

Eluvia

2 ga Yuni

'Yata,

Na faɗa, kuma har yanzu ban san inda zan ajiye maganar ba. Ki hau motar Asabar. Ki taho da rigunansa duka. Shuɗin ƙyalle ya ƙare mana, almakashina kuma yana da kaifi.

Allah ya kawo ki lafiya.
Mama