'Yata ta rufa mini asiri, shi ya sa aka hana ta gudu

Goggo, don Allah ki taimake ni. Sau uku ina fara wannan wasiƙa ina gogewa, yau dai na ce ko me za ki kira ni sai na aiko. A cikin mota nake rubutu, a gefen titi, ina jiran ɗalibar ƙarfe huɗu da ba ta iso ba, domin a gida ba ni da inda zan zauna da irin wannan magana.

Ni malamin tuƙi ne, shekara ashirin da biyu ke nan. Duk wanda ya bi ta hannuna ya san birki nake fara koyarwa kafin totur. Sai mutum ya yi kwana uku yana tashi yana tsayawa kafin in bar shi ya sa giya ta biyu. Har suna ɗalibai suka sa mini, wai Malam Tazara, saboda yadda nake damun su da su bar fili tsakaninsu da na gaba. Da ina jin daɗin sunan nan. Yanzu in aka kira ni da shi ji nake kamar an zage ni.

Bara ƙanena ya kawo mini tsarabar ɗan jirgin nan mai kyamara da ake tuƙawa da rimot, wanda ake ce wa diron. Wallahi ban taɓa samun abin da ya shiga raina haka ba. Mutumin da ya ƙarar da rabin rayuwarsa yana kallon bayan motocin mutane, sai ga shi yana ganin rufin unguwa daga sama. Matata tela ce, tana kan kekenta tana tsokanata wai furfura ta fito sannan na fara wasan yara. A jikin rimot ɗin akwai maɓalli mai mataki uku: a hankali, matsakaici, da na gudu. Kullum a matsakaici nake barin sa. A nan, da ka ɗauke yatsunka jirgin zai tsaya cak a iska, in ya hango bango ko bishiya kuma ko ka tura shi ba zai je ba. Wannan ne ya sa na sakankance da shi.

Babbar 'yata shekararta sha bakwai, a gida Barewa muke ce mata, don tun tana ƙarama ba a aiken ta ta tafi a hankali. Tana gudun mita ɗari biyu a makarantarsu, kocinta kuma ya sa sunanta a gwajin da za a zaɓi 'yan wasa. Bana ce damarta ta ƙarshe, baɗi shekarunta sun wuce. Ita ta roƙe ni in ɗauke ta bidiyo daga gefe, daga nesa, don ta ga yadda take jefa ƙafa. Iyakar abin da ta nema ke nan. Ni ne na ce za a yi abin burgewa. Wata safiyar Asabar a filin makaranta na ajiye jirgin can baya, daidai tsayin mutum, na tura maɓallin zuwa na gudu. Wani gargaɗi ya fito a allon rimot, na danna ya wuce ban karanta ba, ni da nake yi wa ɗalibai faɗa a kan allon hanya. Nufina in bar ta ta yi nisa, sannan in biyo ta a guje in cim mata daidai layin ƙarshe.

Ta tsallake layi, ta rage gudu, ta juyo tana murmushi. Na saki yatsuna kamar yadda na saba. Bai tsaya ba. Ya ɗaga hanci dai, amma ya ci gaba da sulalewa kanta. Goggo, kin san abin da na yi? Ƙasa na taka da ƙafar dama, da dukan ƙarfina, ina neman birkin nan na biyu da ke ɓangaren malami a motar koyo. Ina tsaye a tsakiyar fili ina taka ƙasa, hannuna kuwa bai yi komai ba. Ta ɗaga hannu ta kare fuska. Farfelar jirgin ta yanke ta wuri biyu a hannu, wuri ɗaya daga saman kunne zuwa kumatu. Ɗinki tara aka yi mata.

A hanyar asibiti, tana danne da rigata a fuska, ita da bakinta ta ce mu gaya wa mahaifiyarta tuntuɓe ta yi ta faɗa kan wayar shingen fili, don in ta ji gaskiya ba za ta yafe mini ba. Ban ce to ba, ban ce a'a ba, na yi ta tuƙi. Da muka isa gida ta faɗi labarin shinge, ni kuma ina tsaye kamar gunki. Nan take matata ta ce an gama gudu a gidan nan, ta kwashe takalman gudun yarinyar ta kulle a kabad ɗin da take ajiye yadin mutane. Kocin ya zo sau biyu, a bakin ƙofa ta sallame shi, ta ce shi ya bar ruɓaɓɓiyar waya a inda yara ke gudu. Bawan Allah ya yi ta ba da haƙuri a kan laifin da ba nasa ba, ina cikin ɗaki ina jin sa.

Sati biyar ke nan. Saura kwana goma sha shida gwaji. Yarinyar nan ko kallon banza ba ta taɓa yi mini ba, ita ce ma ke kawo mini ruwa in na dawo tana tambayata ko na gaji. Da ma zagina take yi. Amma in aka ƙara wa fankar falo gudu sai hannunta ya tafi kunne ta tashi ta fita. Da yamma kuma ta zauna a tsakar gida tana miƙe ƙafafu, ba takalmi, ba inda za ta. Na gwada roƙon matata ta bar ta ta koma, ta ce wane irin uba ne ni da zai mayar da 'yarsa wurin da ya kusa cire mata ido. Wata rana tana canza mata bandeji ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wayar da ke yanka a miƙe kamar almakashi ba, ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da aikinta. 

Bidiyon yana nan a katin memori, na ɓoye a aljihun gaban mota. Sau ɗaya na kalla, abin ƙarshe da ya ɗauka murmushinta ne. Aiki ma ya lalace mini, sai in ga na taka wa ɗalibi birki babu komai a gaba, biyu sun riga sun canza malami. Shekara ashirin muna tare da matar nan, ta san ina da mantuwa, ta san ina da taurin kai, amma abu ɗaya da take bugun ƙirji da shi a dangi shi ne mijinta ba ya ganganci. In na faɗa, na rasa wannan, kuma na tona cewa 'yata ta yi mata ƙarya. In na yi shiru, yarinya ta rasa abin da ta yi shekara huɗu tana yi wa wahala. Na rasa inda zan sa kaina. In jefar da jirgin ne in yi shiru har abada? Ko akwai wata hanyar da za a bar ta ta yi gudu ba tare da na buɗe baki ba? Na tsani kaina, Goggo, ban ga ranar da zan iya haɗa ido da su biyun ba.

Malamin tuƙi mai neman mafita

Malam, sannu da wannan nauyi. Na tsallake wasiƙu da yawa na ɗauko taka saboda kwanakin da suka rage.

Abu biyu ka yi, kada ka haɗa su. Na farko ganganci ne na daƙiƙa biyu, na ganin ido da son burgewa, kuma ya riga ya faru. Na biyu shirun nan ne, shi kuwa kullum da safe kake sake yin sa. Ka tambaye ni ko akwai hanyar da za ta yi gudu ba ka yi magana ba. Babu. Ko da akwai ma ba zan nuna maka ba, domin yarinya 'yar sha bakwai ce ke ɗauke da asirin ubanta, tana biya da abin da ta fi so.

Kada ka ga laifin matarka. Abin da aka gaya mata ta yi aiki da shi, kuma duk uwar da ta ga ɗinki kusa da idon 'yarta haka za ta yi. Sannan ka sake karanta abin da ka rubuto a kan bandeji. Matar da ta yi shekaru tana yanka yadi ta san bambancin yagewa da yanka. Ina kyautata zaton ta gane akwai abin da ba a faɗa mata ba, jira take ta ga ko mijinta zai faɗa da kansa. Duk ranar da ta wuce, abin da kake tsoron rasawa ƙara raguwa yake.

Ka fara da 'yarka, yau. Ba izini za ka nema ba. Ka gode mata, ka ba ta haƙuri, ka gaya mata ka sauke mata wannan kaya. Sannan ka sami mahaifiyarta ita kaɗai, lokacin da babu masu kawo ɗinki. Kada ka buɗe da kalmar tsautsayi. Ka faɗi abin da yarinya ta roƙa, da abin da kai ka zaɓa ka yi, ka kuma ce ƙaryar taka ce tunda kai ne babba kuma ka yi shiru. Bidiyon kada ka nuna sai ta nema. Daga nan ka je wurin kocin da ƙafarka ka wanke shi. Ku koma asibiti a faɗi ainihin abin da ya yanke ta, a duba kunnen, a kuma ambaci firgitar da take yi da ƙarar fanka.

Ba zan yi maka alƙawarin za a yafe maka a ranar ba. Wataƙila fushin ƙaryar ya fi na ciwon, wataƙila ma a ƙi buɗe kabad ɗin har gwaji ya wuce. Amma aƙalla matarka za ta yanke hukunci a kan gaskiya, ta san fili bai yi wa 'yarta komai ba.

Jirgin kuma kada ka jefar, wannan ɓoye shaida ne kawai. Ka kulle shi, su biyun su ce ko zai sake tashi. Na tambayi wani mai sana'ar ɗaukar bidiyo da irinsa, ya ce a yawancinsu matakin gudu yana kashe idanun da ke hango abin da ke gaba, kuma sakin yatsa ba ya tsayar da jirgi nan take, yakan sulale mita masu yawa, in iska na bayansa abin ya ƙaru. Ya ce ba a taɓa nufar mutum da shi a guje. Ta gefe ake bi, sama da kai sosai, a fara rage gudu tun da nisa, idonka a kan jirgin kansa don hoton allo yakan ɗan makara. Wasu suna da maɓallin tsayawar gaggawa, ka duba littafin naka ka san inda yake har yatsanka ya haddace. In za ka koma, ka je filin da ba kowa, ka jera duwatsu, ka auna inda ka saki da inda ya tsaya, sau da yawa. Kwana ukun nan da kake ɗora wa ɗalibanka, kai ba ka yi su ba.

In Allah ya sa aka ba ta takalmanta, ranar gwaji ka je hannu wofi, ba jirgi ba kyamara, ka tsaya bayan layin ƙarshe inda za ta gan ka in ta juyo. Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarta, kai kuma ya ba ka ƙarfin yin magana kafin rana ta faɗi.

Goggo