Zangarniya ta Bakwai

Shagamu,
kwana tara bayan husufin rana.

Zuwa ga uwargida Inno, a gidanmu na Dutsi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Sadiya da jaririnta, da awaki, da duk wanda ya leƙo ya tambaye ni. Yaya ƙafar taki? Yaya zafin bazara? Mu nan lafiya lau, sai kewa.

An ce ranar husufin nan ku can duhu ya rufe har kaji suka nemi makwanci da hantsi. Mu nan ba ta kamu duka ba. Auta ya hana ni ɗaga kai saboda idon da aka yi wa aiki, sai na sa aka zuba ruwa a kwano na leƙa. Abin da ya zo mini a rai shi ne, ranar da ke cikin kwanon nan ita ce dai ke kan gidanmu, kina ƙarƙashinta.

Firdausi matar Auta ce ke rubutawa, ni ina faɗa, tunda kin san alƙalami bai taɓa zama a hannuna ba. Sada direban motar goro zai kawo miki. Ki kai wa Malam Maharazu ya karanta, ki ce kada ya tsallake komai. Auta ya ce ai da mun yi magana ta wayar hannu, na ce maganar da iska ke ɗauka ba a ajiye ta a ƙarƙashin matashi.

Idon dama ya washe, alhamdu lillahi. Likita ya ce na hagu sai bayan wata shida, kuma ba inda za ni kafin nan. To, ga ni a kurmi, Inno. Tuwonsu baƙi ne, na garin doya, miyar ja wur, in ka kai loma ɗaya sai hanci ya tsiyaye. Ranar da na iso wani ƙato mai gemu ya zo ya zube rub da ciki a gabana, na zabura ina cewa a kawo ruwa farfaɗiya ce. Ashe gaishe ni yake yi. Firdausi har yanzu dariya take, na ce ta rubuta kawai.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne ruwa. Tun kafin watan Gani ya tsaya ake sheƙa shi. Na tura hannu a ƙasa har gwiwar hannu ban taɓa busasshiya ba, kuma ba wanda ke gudu. Ni da na shekara hamsin ina kwana da sungumi a bakin ƙofa don irin wannan ruwa, yaya zan zauna ina kallo?

Akwai wani tsoho maƙwabcinmu, sunansa Shobowale, harshena ba ya juya shi, sai nake ce masa Baba Mai Rogo. Ba ya jin Hausa, ba na jin Yarabanci, ranar Lahadi ma coci yake zuwa, amma da na ga kantar hannunsa na san ɗan'uwa ne. Ya ara mini wani ɗan fili a gefen rogonsa. Na ɗan yi shuka don jiki ya motsa.

In kin tashi neman wani abu a jinkar ɗakinki, kada ki wahalar da ƙafarki da hawa turmi. Bari sai na zo.

Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Mainasara.

*

Shagamu,
bayan ruwan shukarku da kwana goma.

Zuwa ga Inno.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Barkanku da ruwa, Allah ya sa mai albarka ne. Takardarki ta iso, an karanta mini sau biyu, na biyun ma ni na ce a rage murya.

Kin ce kin hau turmin duk da na hana, ba ki ga ƙunshin ba. Kin ce ɓera ba ya kwance igiya. Kin ce kin daina amsa gaisuwar Hasana maƙwabciyarmu, don ita kaɗai ta ga lokacin da kike ɗaurewa. Inno, don Allah ki je yau ɗin nan ki ba Hasana haƙuri. Ɓarawon ga shi nan zaune a Shagamu da ido ɗaya da rabi.

Ni na ɗauka, da safen da za mu taho, kina bayan gida kina tatsar akuya. Zangarniya bakwai cikin tsohon zanenki mai shuni, na cusa a ƙasan jaka. Na san yanzu shari'a ake yi a jiharmu, amma na tambayi wani malami a nan unguwar Hausawa ta Sabo ya ce zangarniya bakwai ba ta kai a yanke hannu ba. Hukuncin da nake tsoro naki ne.

Kada ki zaci na manta ko mene ne. Ni ne fa nake faɗa wa yara tarihinsa duk kaka. Kakanki ya fito da irin geron nan daga yunwar Kakalaba a cikin ƙahon saniya. Mahaifinki Malam Ma'aruf ya ɗora mini dami ɗaya a kan jaki ranar da na je Zango ɗaukar kayanki, ya ce wannan ba na ci ba ne. Mun ratsa farin shekarar da aka sauya kuɗi da shi. Bara kuma, da fari da fara suka haɗu, gari duk aka cinye iri, ke kika ɓoye bakwai ɗin nan muna shan tafasa da rama, ba ki faɗa wa ko ni ba sai da aka yi kaka. Geron kowa a Dutsi yanzu na kasuwa ne, gajere, furarsa ba ƙamshi.

Dalilina shi ne, na ji tsoron in ba na nan surukinki mijin Sadiya zai haɗa shi da na kasuwa a ƙwarya ɗaya ya watsa. Firdausi ta ɗago ta dube ni. To, a rubuta ɗaya dalilin. Na ji tsoron tahowa ƙasar da ban san kowa ba hannu wofi, babu wani abu naki a tare da ni.

Amma ki kwantar da hankalinki. Shida na shuka, kuma da kin gan shi da kin yafe mini nan take. Ya wuce ni tsawo da kamu biyu, kara kamar rake, ganye har baƙi-baƙi, ya riga ya fara fid da kai. Mutane tsayawa suke suna kallo. Ta bakwai na ba Baba Mai Rogo tun ranar shuka, don ba a aron ƙasar mutum a hana shi iri. Ya jujjuya ta, ya nuna sama, ya girgiza kai, ya ƙirga mini yatsu biyar. Auta ya ce wai cewa yake in jira wata biyar. Na ce a faɗa masa shi ya san rogo, ni na san gero. An taɓa jin inda aka ga ruwan shuka aka jira wata biyar? Bai ma shuka tasa ba, abin ya ɓata mini rai, kwana uku ban leƙa shi ba.

In Allah ya yarda kafin ku gama maimai Sada zai sauke miki dami guda a ƙofar gida.

Ki gaida Hasana da kyau.

Naki mai laifi,
Mainasara.

*

Shagamu,
watan azumin tsofaffi.

Zuwa ga Inno.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta yara. Na san kin ga Sada ya zo sau uku ba takarda. Ba ciwo na yi ba. Bakin faɗa ne ban samu ba.

Geron ya lalace, Inno.

A wurinmu gero yana bununi ruwa na sassautawa, rana ta fito ta gasa shi. A nan ruwan bai san sassauci ba. Kwana goma sha ɗaya ban ga inuwata ba. Bununin duk ya wanke. Wanda ya samu ya yi ido, funfuna ta bi shi, kai ya yi baƙi yana yauƙi. Wani ma a kan zangarniyar ya tsira, kore shar, yana tsaye a kan karansa, abin da ban taɓa gani ba tun da uwata ta haife ni. Ɗan abin da ya rage tsuntsaye suka gama da shi. Na yanko abin da na iya na shanya a ɗaki, har fanka Firdausi ta kunna masa, ya ruɓe a kan tabarma. Na bi shi zangarniya zangarniya da idon nan da aka gyara mini, ban samu cikin tafi ɗaya mai rai ba.

Abin da yunwa uku ba su ci ba, ni na kashe shi da ruwa. Na daina fita. Auta ya zaci idon ne. Ni kuwa ina zaune ina tunanin da wace fuska zan gamu da Malam Ma'aruf.

Shekaranjiya da la'asar sai ga Baba Mai Rogo ya shigo, ko zama bai yi ba ya kama hannun rigata. Na bi shi don kunya. Ya kai ni ɗakin girkin matarsa, wani ɗan ɗaki duk kunkunniya. A saman murhu sun rataye masarar irinsu, ashe haka suke yi a nan, tunda rana ba ta da tabbas sai hayaƙi ya busar musu, ya kuma kori ƙwari. Ya miƙa hannu tsakanin masarar ya ciro wani abu dogo, baƙi ƙirin. Sai da na murza na ga idon gero.

Ta bakwai ce. Ashe ba raina kyautata ya yi ba. Ya san abin da zai faru tun ranar, ya ga ba zan ji ba, sai ya ajiye mini.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Shi ma ya durƙusa, ya ƙi yarda in fi shi yin ƙasa, muka tsaya a haka tsofaffi biyu cikin hayaƙi, matarsa na tafa hannu tana dariya. Hawayen da na yi na ce wa Auta hayaƙi ne.

Na ɓare ƙwaya goma na sa a jiƙaƙƙen tsumma. Yau da safe takwas sun fasa.

Baba Mai Rogo ya ce damina biyu ce da su. In ruwa ya ɗan ɗauke ya dawo, wanda aka shuka a lokacin shi ke nuna daidai da shigowar rani. Wata biyar ɗin da ya ƙirga mini ke nan. Ya ce in gwada. Na ce a'a, ba ni da sauran iko a kanta. Ga ta nan na ba Sada cikin zanenki, Firdausi ta ɗinke bakin. Ki mayar da ita jinka, ki ɗaure da igiya biyu, in na dawo ma kada ki nuna mini wurin.

Ki yafe mini.

Mainasara.

*

Shagamu,
goma ga Sha'aban.

Zuwa ga Inno, 'yar Malam Ma'aruf.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa. Na ji an ce geron Dutsi ya yi kyau har an fara tumu, Allah ya kai mu kaka lafiya. Na ji daɗi da kika ce Hasana ta haƙura. Yaya ƙafa?

Sada ya iso jiya. Da ya miƙo mini zanen nan mai shuni gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, ta mayar mini da kayana. Da Firdausi ta farke ɗinkin sai ga rabin zangarniya, an karya ta daidai tsakiya. Na san hannunki ne ya karya ta, ke ce ba kya neman wuƙa.

An karanta mini saƙon a gaban kowa, don Malam Maharazu bai tsallake komai ba, Firdausi ma haka. Kin ce rabi yana jinka, kuma ba inda na sani ba. Kin ce kakanki ma da ya zauna rungume da ƙaho da ba mu gaji komai ba, iri na ƙasa ne. Kin ce amma wannan rabin ba ni kika aiko wa ba, a damƙa shi a hannun mai hankalin nan na maƙwabta, ni in riƙe masa sungumi. Auta ya yi dariya har ya ƙware. Ni ban ga abin dariya ba, amma na kai masa, da dakkuwar da kika haɗo. Ya ci ya yi ta santi. Matarsa ta ba da manja kwalba guda a kawo miki. Ki sa kaɗan, na gargaɗe ki.

Wani abu kuma, kada ki faɗa a gari. Baƙin tuwon nan na fara cinye malmala biyu. Na kuma iya gaisuwarsu ta safe, ko da yake duk sanda na yi sai matan layin su fashe da dariya, su amsa mini baki ɗaya.

Ruwa ya dawo kwana huɗu ke nan. Ƙafata har ƙaiƙayi take, amma Baba Mai Rogo ya ce a bari ƙasa ta sha na uku, kuma a kan kunya za a shuka, ba a shimfiɗe irin namu ba, don kada saiwa ta kwana cikin ruwa. Na buɗe baki zan yi gardama, na tuna tabarmar nan, na rufe. Na uku ya sauka yau da azahar. In lissafinsa ya yi daidai, za a yanka kafin Babbar Salla, lokacin an gama da idon hagu. Ni da kaina zan kawo miki, ba Sada ba. In kuma bai yi ba, rabinki yana nan, kin fi ni dabara tun asali.

Shekara arba'in mutanen Dutsi ba sa zuba iri sai sun ga na fita da sungumi. Gobe in Allah ya kai mu, ina idar da sallar asuba zan ɗauki sungumin in je ƙofar Baba Mai Rogo in tsaya. Zan bi bayansa har gona, in sara inda ya nuna, kuma ko ƙwaya ɗaya ba za ta taɓa ƙasa ba sai ya ɗaga mini kai.

Ki gaida Sadiya, ki shafa mini kan jaririn. Ki daina hawa turmi.

Naki har kullum,
Mainasara.