Durƙuson da Na Yi a Bulumkutu

Zuwa ga Rahmat, inuwar dogon-yaro a tsakiyar bazara, sanyin ruwan randa, turaren wutar da ke kama riga ya ƙi fita, sarauniyar da ba ta da ko doki amma ta ci ni da yaƙi!

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, don Allah ki riƙe dariyarki tukuna. Na san labarina ya riga takardar nan isowa.

Kin tuna yammacin da muka zauna a bakin Ngadda, kogi ya kawo, kina ba ni labarin matan da kike bincike a kansu a jami'a? Matan Turai na zamanin da, masu riƙe da gundumomi, suna yanke hukunci, suna tura mayaƙa, kamar yadda Magira, uwar sarki, ta riƙe garuruwa a nan Borno. Kika ce duk namijin da zai shiga ƙarƙashin ɗayarsu sai ya durƙusa, kai babu hula, ya miƙa mata hannuwansa, ya rantse zai bi ta. Ke darasi kike bayarwa, ni kuwa sakarai na ɗauka umarni ne!

Shi ya sa ranar Juma'a na saka babbar riga, na hau keke har unguwarku Bulumkutu, na tuɓe hula, ni da wankin hula ke ciyar da ni, na zube a ƙofar zaurenku da hannu biyu a miƙe. Aka buɗe ƙofa. Wa zan gani? Kakarki Inno! Ta dube ni sama da ƙasa, ta yanke cewa ciwon gwiwa ne ya kayar da ni. Ta kira maƙwabta suka ciccibe ni, ta kawo man zafi. Wallahi haka na karɓa. Na shafa, na yi godiya, har ɗingishi na yi zuwa bakin titi don kada in ƙaryata tsohuwa.

Amma akwai maganar da kika yi a bakin kogin nan wadda ta hana ni sakat. Kin ce da yawa daga cikin matan aure ne ya raba su da ƙasarsu: miji ya shigo, hatimi ya koma hannunsa. Kika kawar da kai kina kallon ruwa. Na gane, hasken idona. Karatun da aka kira ki Faransa ki yi, shi ne ƙasarki, kuma tsoro kike in zama irin mijin nan. Shi ya sa kika hana ni turo magabatana.

Haba Rahmat! Ni? Ni da ko sunayen matan nan ban iya faɗa sai harshena ya sarƙe, me zan yi da ƙasarki? Ki tafi. Ki tona tsofaffin takardunsu har idonki ya gaji, ki dawo da littafi mai sunanki a goshi, in rinƙa nuna wa masu kawo hula ko ba su tambaya ba.

Abu ɗaya nake roƙo: ki bar kawunnaina su zo gidanku kafin jirginki ya tashi. Ina tsoron ki tafi babu wata magana a tsakanin gidajenmu. Ina tsoro ƙwarai, ga shi na faɗa.

In kuma kin ce a'a, ni ne dai zan ɗaukar miki akwati zuwa filin jirgi, kuma na yi alkawari ba zan yi kuka ba sai kin shige.

Naki yau, naki ranar tafiyarki, naki har ranar da za ki dawo,

Abakar,
Hausari.