Asibitin da Na Ƙi Bari

Malam, assalamu alaikum.

Na san ba za ka karanta wannan ba. To, da kana raye ma yaushe ka taɓa karanta takarda ba ka ce tabarau ya ɓata ba?

Gida lafiya lau. Matar Saninmu ta sauka, namiji, an mayar da sunanka. Na yi sabon miji ke nan, kuma ya fi ka haƙuri, nono kawai yake nema.

Bayan tafiyarka gwamnati ta yi doka, wai kowa sai ya yanki katin inshorar lafiya. Sani ya kwashe ni zuwa rajista washegarin suna, hannuna baƙi wuluk da lalle. Na dangwala, na'ura ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Yarinyar wajen ta ce in dawo in ya goge. Ka ji fa, kwalliyata ce ta fi ƙarfin gwamnati! Sai da na yi ta dirza yatsa da lemun tsami kamar mai wankin tukunya.

Kowane kati da asibitinsa. Na zaɓi namu na unguwar Herwagana, na Sista Rifkatu, wadda ta karɓi haihuwar yaranmu duka. Amma Malam, asibitin ya rame. Kamfanonin inshora sun yanka wa magani farashin da ba ya fid da ƙananan asibitoci, sai masu su suka haɗu suka kai ƙara. Alƙali kuwa kullum ɗagewa yake. Nas biyu sun tafi, an rufe ɗakin maza, maganin hawan jinina wani watan akwai, wani watan sai kemis.

Shi ya sa Sani ya dage sai ya mayar da katina babban asibiti, kafin a wayi gari an garƙame wannan. Gaskiyarsa ce, ban musa ba. Amma a can wa ya san ni? Wa zai leƙa kwanon da aka kawo min ya kama ni da gishiri? Sista ta ce in irinmu suka watse, ranar da alƙali zai yi hukunci ba sauran asibitin da za a yi hukuncin a kansa.

Watan jiya jinin ya hau, suka kwantar da ni. Da yake an haɗe ɗakuna, gadon da ka yi jinya a kai aka ba ni, na bakin taga. Na zata kuka zan yi. Wallahi barci na yi, irin wanda rabona da shi tun kana nan kana cika min kunne da minshari. Ban taɓa gaya maka ba, minsharin nan shi ke sa ni barci.

Da Sani ya zo da safe na ce masa katina yana nan daram. Ya yi ta huci irin naka, sannan ya je ya sayo min ayaba.

Allah ya kai haske kabarinka. Kada ka yi saurin jirana, likita ya ce da saurana.

Taka, tsohuwar da ka bari a unguwar Madaki,
Inna