Nauyi a Bayan Mota

Maman yara,

Ina gaishe ki da mutanen gida duka. Yaya ƙafar Inna? Auta ta daina tarin nan?

Ni lafiyata ƙalau, kada ki sa komai a ranki. Na sauke shanun lafiya, ban da wani farin sa da ya faɗi a hanya, 'yan'uwansa suka tattake shi kafin in samu wurin tsayawa. Na wanke motar tas.

Sai dai kin san hannuna ya san nauyin kaya. Motar ba komai a cikinta, amma in na sha kwana sai in ji nauyi ya koma gefe guda, kamar san nan da ya mutu a ciki yana gyara tsayuwa. Jiya da rana tsaka na bubbuga jikin motar, yadda nake yi in tada wanda ya kwanta. Daga ciki aka amsa mini da kofato. Wataƙila gajiya ce kawai.

Ki aiko mini da rigar sanyina ta hannun makanikenmu. Allah Ya yi wa yaran albarka.

In na iso, don Allah kada ki bari su hau baya wasa kamar kullum.

Mijinki